Masu cewa a bar wa kamfanoni aikin kashe gobara, ku ɗan saurare ni

Kwanakin baya muna hira da wani abokina sai maganar 'yan kwana-kwana ta shigo, shi a ganinsa wai babu ma'aikatan gwamnati da suka kai su cin albashi a zaune, yace duk sanda ka wuce ta ofishinsu zaka gansu ko suna wanke mota ko suna hira, wani lokacin sati guda ya wuce baka ji jiniyarsu ba, to me zai hana gwamnati ta zare hannunta ta bar wa kamfanoni, duk mai son a kashe masa wuta yaje yayi rajista ya riƙa biya duk wata kamar yadda ake biyan sauran abubuwa. Nasan ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba, har cikin masu riƙe da kasafin kuɗi akwai masu kallon hukumar kashe gobara a matsayin rami da ake zuba kuɗi baya kawo komai. Ni kam ban yarda ba ko kaɗan, kuma abun ya tsaya min a rai shi yasa nace bari in rubuta.

Wannan shawarar tasa ai ba sabuwa bace, an gwada ta, kuma an daɗe ana gwadawa. A birnin Rum na da akwai wani attajiri Crassus, masu tarihi sun rubuta cewa yana daga cikin hanyoyin da ya tara dukiyarsa sayen gidajen da suke ci da wuta da kuma gidajen da ke maƙwabtaka da su, mai gida yana tsaye hankalinsa a tashe zai sayar a kowane farashi, shi kuma yana da bayi magina sama da 500 da za su sake ginawa. Kaga mutumin da gobara ta zame masa kasuwa. Sai a shekara ta 6 miladiyya sarki Augustus ya kafa rundunar da ake kira Vigiles, ƙungiya bakwai da aka raba wa unguwanni 14 na birnin, suna yawo da dare da bokitai da gatari da ƙugiya, hukuma ke biyansu. Shekara dubu biyu kenan da suka wuce mutane suka gane cewa wannan aikin in aka barshi a hannun mai neman riba ba zai yi kyau ba.

Amma labarin da yafi dacewa da maganar abokina shine na Landan. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a wani gidan burodi a layin Pudding, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje kusan 13,200 da coci 87 harda babbar majami'ar St Paul. Bayan wannan ne kamfanonin inshorar gobara suka fara fitowa, kuma kowane kamfani ya kafa nasa 'yan kwana-kwanan saboda in gidan da ya yi wa inshora ya ƙone shi zai biya. Suna manna wani ɗan allon ƙarfe mai tambarinsu a bangon gida don yaransu su gane wannan namu ne. To wani abu da suka gano da kansu shine babu yadda za'a yi ka tsaya kana kallon gidan da ba naka ba yana ci alhali gidan da ke jikinsa naka ne, dole ka kashe, in ba haka ba nan da minti goma asarar ta dawo kanka. Haka suka ci gaba har a 1833 kamfanoni goma suka haɗe rundunoninsu waje ɗaya ƙarƙashin James Braidwood, wanda dama shi ya jagoranci rundunar birnin Edinburgh da aka kafa a 1824, wadda ake lissafa ta a farkon rundunonin da hukumar gari ta kafa a wannan zamanin. Kuma ka lura da wani abu, rundunar kamfanonin nan dukiya aka kafa ta ta tsare, maganar ceto mutum daga saman bene wata ƙungiyar taimako ce daban take ajiye tsani a tituna tana yi. Wato ran mutum baya cikin lissafin inshorar.

A 1861 gobara ta kama manyan ɗakunan ajiyar kaya a titin Tooley, bakin kogin Thames, ta yi wajen sati biyu kafin ta mutu murus, Braidwood ɗin ma a nan bango ya faɗo masa ya mutu. Kamfanonin suka biya diyya har suka ji a jikinsu, sai suka fito da bakinsu suka ce wa gwamnati wannan kayan yafi ƙarfinmu, ki karɓa. Aka yi doka a 1865, ranar 1 ga Janairun 1866 rundunar gwamnati ta birnin ta fara aiki. Dan Allah a lura, ba ƙwace wa 'yan kasuwa aikin aka yi ba, su suka ajiye. A Faris ma sai da wuta ta tashi a wajen wata liyafa ta jakadan Ostiriya a 1810 mutane suka mutu sannan Napoleon ya kafa rundunar kashe gobara a 1811, har yau kuma wani ɓangare ne na sojan Faransa. A Amurka birnin Cincinnati ne ya fara ɗaukar cikakkun ma'aikata masu albashi a 1853. Wurare daban-daban, amma kusan kowa sai da ya sha wuya sannan ya dawo kan abu ɗaya.

Dalilin kuwa a fili yake. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, to gidaje ma haka suke, wuta bata duba takardar rajista, bata san inda katangarka ta ƙare ta maƙwabci ta fara ba. Ruwan sha in baka biya ba a yanke maka kai kaɗai zaka ji ƙishi, wutar lantarki in aka yanke kai kaɗai zaka kwana a duhu, amma in aka ƙi kashe maka gobara layin gaba ɗaya ne ke cikin haɗari. Kuma wanda bazai iya biya ba shine dai wanda ke zaune a inda gidaje suka cushe, wayoyin wuta sun tsufa, hanya ta matse, ɗaki ɗaya mutum takwas. Inda wuta tafi saurin tashi da yaɗuwa nan ne za'a fi samun waɗanda basu yi rajista ba.

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne. To a 2010 ne, a jihar Tennessee ta Amurka, a gundumar Obion, mutanen da ke wajen gari sai sun biya dala 75 a shekara kafin rundunar garin South Fulton ta zo musu. Wani bawan Allah bai biya na shekarar ba, wuta ta kama gidansa, ya kira aka ce baya cikin lissafi, yace zai biya ko nawa ne yanzu aka ce ba haka tsarin yake ba. Sai da wutar ta fara tsallakawa filin maƙwabcinsa wanda ya biya sannan motar ta zo, suka kashe ɓangaren maƙwabcin, gidansa kuma ya ƙone ƙurmus harda dabbobinsa a ciki. Mutane suka yi ta zagin ma'aikatan, ni kuma tausayinsu naji wallahi, mutum ya sha horo don ya kashe wuta, tiyo yana hannunsa, ruwa yana mota, amma doka ta ɗaure masa hannu. Laifin na tsarin ne. Kuma in ka bi lissafin masu tsarin zaka ga a nasu ganin basu yi kuskure ba, domin in suka yarda mutum ya biya ranar da wuta ta kama to babu wanda zai sake biya kafin ta kama, kuɗin gyaran mota da albashi kuma ba zasu jira ranar gobara ba. Shi yasa nake cewa hanyar da ta rage ita ce haraji, kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa, kowa kuma a zo masa ba tare da an tambayi sunansa ba.

Yanzu in dawo kan zaman da abokina yake gani yana jin haushi. Zaman nan shine aikin. Abun da jama'a ke biya ba ruwan da ake fesawa bane kawai, suna biyan a samu mutum huɗu ko biyar a farke ƙarfe uku na dare, da mota mai mai a tanki da batir mai rai, waɗanda cikin minti ɗaya ko biyu da kira sun fita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗakin zamani cike yake da katifar soso da kujerun soso da labule da robobi, waɗannan duk daga man fetur aka yi su, in wuta ta kama su hayaƙi mai zafi yana taruwa a rufin ɗaki yana gasa komai har a kai wani lokaci da duk abun da ke ɗakin zai kama a lokaci guda, kuma wannan cikin 'yan mintuna yake faruwa, bai kai minti goma ba sau da yawa. Akasarin waɗanda gobara ke kashewa ma ba harshen wuta ke taɓa su ba, hayaƙin ne ke sumar da su tun suna barci. Shi yasa ƙa'idar NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kariyar gobara a Amurka, ta ce motar farko ta isa cikin minti huɗu na tafiya a mafi yawan kiraye-kiraye. Minti huɗu fa. Ba yadda za'a yi ka cimma wannan in tasha ɗaya ce a gari mai faɗin kilomita ashirin, dole sai an warwatsa tashoshi ko'ina, kuma kowace tasha mafi yawan lokacinta jira take. Wane ɗan kasuwa ne zai buɗe reshe a unguwar da watakila sau uku za'a neme shi a wata? Gwamnati ce kaɗai zata iya ɗaukar wannan, kuma wajibinta ne.

Ga shi ma ba gobara kaɗai suke zuwa ba. A Amurka gobara bata kai kashi biyar cikin ɗari na kiran da ake musu ba, wajen kashi biyu cikin uku na marasa lafiya ne da masu neman agajin gaggawa, cikin sauran kuma akwai haɗarin mota da ake yanka ƙarfe a ciro mutum, gini ya rufta, ambaliya, yaro ya faɗa rijiya, gas yana yoyo. Duk abun da ya faru aka rasa wa za'a kira su ake kira.

Sai maganar ruwa, wadda ita tafi jawo musu zagi. Na taɓa tsayawa a gaban wani gini yana ci, motar ta zo aka fara feshi mutane suka fara samun natsuwa, ba'a jima ba ruwan ya ƙare, sai ihu ya tashi ana cewa sun zo da rabin tanki, wasu har sun fara ɗaukar duwatsu. Na kalli fuskar direban, gumi yake yana ƙoƙarin juya mota a cikin mutane don yaje ya ɗebo wani. A lokacin nima haushinsu naji, daga baya ne na fahimci lissafin. Tankin motar kashe gobara galibi lita dubu biyu zuwa dubu huɗu yake ɗauka, tiyo ɗaya kuma yana iya zubar da lita 400 zuwa 500 a minti, ka buɗe biyu ka lissafa da kanka. Ruwan mota na fara aiki ne kawai kafin a jona da famfon gobara na bakin titi, in babu wannan famfon, ko yana nan amma bututun a bushe yake, ko wani ya gina shago a kansa, to ko motar jiya aka sayo ta ba abun da zata iya. Ko birni mai kuɗi irin Los Angeles, a gobarar Janairun 2025 a unguwar Pacific Palisades famfunan da ke kan tudu sun ƙafe saboda tankunan da ke basu ƙarfi sun zube gaba ɗaya. A wannan gobarar ne ma aka ga wasu masu hali sun ɗauko 'yan kwana-kwana na haya su tsare musu kadarorinsu, unguwa kuma tana ci. Kaga ashe kashe gobara ya haɗa da hukumar ruwa, da masu tsara tituna, da masu bada izinin gini, da 'yan sandan da zasu buɗe hanya, duk waɗannan kuwa hukuma ɗaya ce zata iya haɗa kansu.

Ba wai ina cewa duk abun da gwamnati ta riƙe lafiya yake ba, a'a, ina da ƙorafi sosai kuma nan ne ma nake so a matsa. 'Yan siyasa suna son sayen mota saboda ja ce tana ƙyalli ana ɗaukar hoto da ita ana yanka ƙyalle, amma kuɗin taya da kayan gyara da mai da gwajin tiyo da cika silindar numfashi da atisaye, wannan babu hoto a ciki sai a manta da shi, bayan shekara biyu ka ga motar a kan duwatsu. In aka tashi rage kasafi kuma hukumar kashe gobara ce farkon wadda ake yanka, domin in shekara ta wuce babu babbar gobara sai a ce ai ba'a buƙatarsu, alhali watakila aikinsu ne yasa ba'a yi ba. Wasu wuraren kuma sai a mayar da hukumar mai tara kuɗin shiga, a ce sai ta kawo kaza a shekara daga takardar shaidar kariyar gobara, daga nan takardar ta zama abun sayarwa, mai gini ya biya a buga masa hatimi babu wanda ya taka ƙafa yaje ya duba ko ƙofar fita tana buɗewa. Wannan a wurina yafi rashin mota muni.

Domin rigakafin shine babban rabin aikin, kuma shine wanda babu kamfanin da zai iya. A 25 ga Maris 1911 wuta ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, a hawa na takwas zuwa na goma, mutum 146 suka mutu akasarinsu 'yan mata 'yan ci-rani, an kulle ƙofa don kar ma'aikata su fita, tsanin 'yan kwana-kwana kuma iyakarsa hawa na shida. Sun zo da wuri, amma an riga an gama kashe mutanen tun ranar da aka sa kwaɗo a ƙofar. Bayan nan ne jihar ta yi dokoki masu yawa kan ƙofofin fita da bututun yayyafin ruwa da atisayen ficewa. Bayan sama da shekara ɗari sai ga benen Grenfell a Landan, 14 ga Yunin 2017, firji ne ya kama a hawa na huɗu, an ma kashe wutar cikin ɗakin, amma kayan da aka lulluɓe bangon waje da su masu kamawa ne, wuta ta bi su ta haye bene mai hawa 24, mutum 72 suka rasu. Kwamitin bincike ya ɗora laifi kan kamfanonin da suka yi kayan da masu kwangila da gwamnati, kuma bai ƙyale rundunar kashe gobarar ba, yace sun makara wajen janye umarnin kowa ya zauna a ɗakinsa. Naji daɗin wannan, domin hukumar jama'a ce shi yasa aka iya zaunar da shugabanninta a bainar jama'a aka tuhume su. Wanda zai shiga otal ko makaranta ko kasuwa yace wannan ƙofar a cire mata sarƙa yau ko in rufe wurin, dole ya zama mai ikon doka ne, kuma albashinsa baya fitowa daga aljihun mai ginin.

Abokina ya kawo min misalin Denmark, yace ai can kamfani ne ke yi. Gaskiya ne, kamfanin Falck da aka kafa tun 1906 shi ke kashe gobara a ƙananan hukumomi da dama na ƙasar. Amma waye ke biyansa? Ƙaramar hukuma ce, da kuɗin haraji, ita ke gindaya sharuɗɗa, kuma in gidanka ya kama ba'a tambayarka rasit. Nauyin yana wuyan hukuma, kwangilar aikin kawai ta bayar. Haka maganar 'yan sa-kai, a Jamus akwai wajen mutum miliyan ɗaya da ke aikin kashe gobara na sa-kai, a Amurka ma kusan kashi biyu cikin uku na 'yan kwana-kwana 'yan sa-kai ne musamman a ƙauyuka, kuma abu ne da nake ganin ya kamata ko'ina a koya domin babu gwamnatin da zata iya ajiye ma'aikata masu albashi a kowane ƙauye. Sai dai a Jamus ɗin doka ce ta wajabta wa hukumar gari ta tanadi runduna, ita ke sayen mota da kaya da gina tasha, mutanen gari lokacinsu da jikinsu suke bayarwa. Ban ƙi kwangila ba, ban ƙi sa-kai ba, abun da naƙi shine a ce sai mai kuɗi za'a zo wa.

Su kansu ma'aikatan ma fa ba'a cika maganarsu ba sai ranar da suka mutu. Kowa ya san 'yan kwana-kwana 343 da suka rasu a harin New York ranar 11 ga Satumban 2001, amma akwai wata mutuwar a hankali da ba'a gani, a 2022 cibiyar binciken cutar kansa (ciwon daji) ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa, saboda hayaƙi da gubar da ke shiga jiki ta numfashi da ta fata. Mutumin da aka tura cikin hayaƙin roba babu silindar numfashi, da rigar da ta shekara goma, da takalmin da ya huje, sannan in ya ji rauni asibiti daga aljihunsa, in ya mutu iyalinsa su yi ta zarya kan haƙƙinsa, wannan zalunci ne kuma da sunanmu ake yinsa tunda mu yake wa aiki.

Nace wa abokina in ya sake wucewa ta tashar ya daina ƙirga mutum nawa ne a zaune, ya shiga ya gaishe su ya tambaye su mota nawa ke tashi a cikin waɗanda ke fake, silinda nawa ke da iska, ina suke ɗibar ruwa kuma minti nawa ne daga nan zuwa can, yaushe rabon da a kai su horo, sannan lambar da ake kiransu tana shiga da dare ko bata shiga. Amsar da suka bashi ita zai ɗauka ya kai wa wakilin da ya zaɓa lokacin da ake zaman kasafin kuɗi. Yace zai je, ni ma nace in ya tashi ya kira ni mu tafi tare.